Ruwan Cikin Jirgin Gafala

Ranar wata Laraba samari biyu suka tsaya a bakin rumfata suna kallon zanen da na jingine yana shan iska. Muka gaisa. Ɗayansu ya zaro waya ya ɗauki hoton zanen, sannan ya ce, "Baba, wannan ai in na kai wa masu injin buga fosta, kafin ka gama shan shayi sun fitar maka da tuli. Me ya sa kake wahalar da kanka?" Ban ji haushi ba, don ba da raini ya faɗa ba, tausayina ya ji. Na ce masa ya je ya buga, Allah ya ba da sa'a. Sai dai bayan tafiyarsu maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in zauna in gaya muku, ku yaran yanzu, abin da ke cikin sana'ar nan da kuke ɗauka shafa fenti ce kawai.

Sunana Lawan, amma a Wudil in ba ka ce Lawan Fenta ba, babu mai nuna maka rumfata. Allon shaguna nake rubutawa, da bayan motoci, da sunan makarantu a jikin bango, kuma da su nake ciyar da iyali. Amma abin da nake kira sana'ata zane ɗaya ne tak, wanda mutanen garin nan suka laƙaba wa suna Jirgin Gafala. Tun ina saurayi nake kwaikwayonsa da fentin mai, ga shi yau furfura ta cinye mini gemu, kuma har gobe in na tsaya a gabansa sai jikina ya yi sanyi.

Asalinsa ba na nan ba ne. Maigidana Malam Habu, Allah ya jiƙansa, shi ya gan shi a cikin wani tsohon littafi lokacin da aka kira shi fentin bango a wata makarantar horon malamai. Wani mai zane ne na ƙasar Turawa ya yi shi, mutumin da ya mutu tun ba a haifi kakannin kakanninmu ba, don ya yi wa mutanen zamaninsa ba'a da wa'azi a lokaci guda. Malam ya roƙi aron littafin, ya zauna a kansa har ya fitar da babban zane a jikin katako, sannan ya mayar wa masu shi. Bai taɓa tsarin ba. Kayan Turawa kawai ya tuɓe wa mutanen ya sa musu namu, jirgin kuma ya mai da shi kwalekwale irin na masuntan kogin nan. Wannan zane na farko shi muke kira uwa, domin daga jikinsa ake haifar sauran.

Kwalekwale ne maƙil da mutane a tsakiyar kogi. Ga wani ƙato mai teɓa ya rungume akushi, hannu biyu a ciki, kumatu sun cika sun batse. Ga wata mace ta ƙura wa madubi ido tana gyara ɗaurin ɗankwali. Ga mutum biyu sun shaƙe wuyan juna a kan kaza ɗaya, kazar kuwa tuni ta mutu a hannunsu. Ga mai goge ya lumshe ido yana ta ja, babu mai sauraronsa. Matuƙin jirgin ya ciro filafilin tuƙi daga ruwa yana yi wa wani mai babbar riga fifita da shi. Ƙoƙon da ake kwalfe ruwa da shi kuma, wani ya dama fura a ciki ya kafa kai. Duk wanda ya gani sai ya yi dariya, don babu unguwar da ba ta da irinsu. Sai ka gama dariyarka, idonka ya ƙoshi da fuskoki ya gangara ƙasa, sannan za ka ga ashe ruwa ya shigo jirgin, ya rufe musu ƙafa har idon sawu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya sani. A nan dariyar take tsayawa.

Aikin farko da Malam ya ba ni wanke buroshi ne. Akwai gwangwanin kananzir na farko mai dauɗa, da na biyu mai ɗan dama, sannan sabulu da ruwa. In na gama sai ya ɗauki buroshin ya goga a hannun farar rigarsa. Idan launi ya fito, ni zan wanke rigar, in kuma sake wanke buroshin. Manyan buroshi daga Kano yake sayo su, amma ƙananan da ake yin ido da haƙori da su shi yake haɗa abinsa, da gashin wutsiyar akuya da yake cusawa a cikin karan gashin zabuwa ya ɗaure da zare. Daga nan na koma gyaran katako. A goge shi da samfefa har sai kuncinka ya bi ta kansa bai ji ƙaiƙayi ba, a shafa farin fenti, a bar shi ya bushe, a sake gogewa. Sannan a ɗauko zare a shafa masa gawayi, a ja shi a sake shi a kan katakon, ya bar layuka a tsaye da a kwance, gida-gida kamar na dara. Uwar ma tana da nata gidajen da zare a gefenta. Abin da ke gida na farko a can shi za ka sa a gida na farko a nan, ba ƙari ba ragi.

Ranar da ya fara ba ni gawayi in fitar da siffofin, sai ya juya uwar ya kifa kanta ƙasa. Na ce, "Malam, ai a juye take." Ya ce, "Na sani. In a miƙe take, hancin da ka sani za ka zana. In a juye take, dole ka zana wanda ke gabanka." Na daɗe ina zana mutane ƙafa a sama kafin ya yarda ya miƙar mini da su.

Abin da ya fi ba ni haushi a lokacin shi ne ƙafafu. Malam ba ya yarda a yi musu ha'inci. Kowane ɗan yatsa da farcensa, kaushin dugadugin mai goge, takalmin mai babbar riga da ya saɓule, har da wani ɓarin goro da ya faɗi a ƙasan jirgin, duk sai an yi su tsaf kamar su ne fuska. Wata rana na gaji na ce, "Malam, me ye amfanin wannan wahala, tun da ruwa zai rufe su?" Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ruwan da ba a ganin ƙasansa ba ruwa ba ne, fenti ne. Yi farcen."

Masu sayen zanen ba manyan mutane ba ne. Masu shayi ne, da masu shagon aski, da masu gidan abinci na bakin tasha, da wani tsohon hedimasta da ya rataye nasa a zaure. Na tuna wani manomi daga Kausani da ya zo a kan keke, ya ce 'ya'yansa biyu ba sa ga maciji da juna a kan gonar da shi mai ita bai ma mutu ba tukuna. Ya saya, muka ɗaure masa a bayan keke da tsumma, ya ce a ƙofar rumbu zai kafa shi, kowa ya gani da safe. Wani kuma daga Lajawa ya zo yana raɗa, wai a sa wa mai akushin fuskar surukinsa. Malam ya ce masa, "To, za a sa. Amma mai shan fura da ƙoƙon jirgi fuskarka za a sa masa, ka yarda?" Mutumin ya yi dariyar yaƙe ya sayi na kowa da kowa. Akwai kuma waɗanda ba sa son zanen abu mai rai, kuma Malam bai taɓa jayayya da su ba. Shi dai a wuyan kowane mutum na cikin jirgin yana jan siririn layi, yadda 'yan makaranta ke yi in sun zana mutum, ya ɓoye shi a bakin riga ko a ƙarƙashin gemu. Ni ma haka nake yi har yau.

Shekaru suka tafi, na yi aure, na haifi 'ya'ya, hannuna ya faɗa. Jirgi ni nake yi, fuskoki ni, tufafi ni, ƙafafu ni. Abu ɗaya ne Malam bai taɓa bari na sa hannu ba, shi ne ruwan cikin jirgin. In na gama nawa, zanen ya bushe ƙarau, sai ya kwantar da shi a kan benci, ya zuba man sirka fenti a murfin gwangwani, ya taɓa kore da ƙasa-ƙasa da bakin buroshi, ɗan abin da ko kunnen sauro ba zai cika ba, ya gauraya. In ka duba murfin sai ka rantse mai ne zalla. Ya shimfiɗa shi a kan ƙafafun, ya bar shi ya bushe. Bayan kwanaki ya ƙara wani a kai, ya sake bari. Haka zai yi ta yi, kai kana gani ba ka ga abin da ya canja ba, sai wata safiya ka shigo ka tarar da ƙafafun mutane a cikin ruwa. A ƙarshe ya ɗauki buroshin gashin akuya ya kewaya idon sawun kowa da wani ɗan farin haske, siriri kamar zaren gizo. Sau da yawa na tsaya a bayansa ina kallon wannan aiki, ban taɓa gani ba tsigar jikina ba ta tashi ba. Wannan ruwan shi ne abin da waya ba ta ɗauka, domin ba a saman katakon yake ba, hawa-hawa yake, haske yana shiga cikinsa ya taɓo farce ya dawo. In inji ya buga, ko dai ya fito baƙi ƙirin kowa ya gan shi tun daga nesa, ko ya ɓace gaba ɗaya a bar ka da hoton ban dariya.

Kuma zane ba ya barin rumfarmu sai ya ci jarrabawar Juma'a. Ranar kasuwa ce, hanyar Kara, wato kasuwar shanu, ta gabanmu ta bi, mutane kamar ƙasa. Malam zai rataye sabon zane a bakin rumfa, ya koma gefe ya zauna kamar ba nasa ba. Ba a kiran kowa, ba a nuna wa kowa kome. Idan mai wucewa ya tsaya ya yi dariya, sannan can ya yi shiru, zane ya yi. Idan dariya kawai ya yi ya wuce, ruwa ya yi kaɗan. Idan kuwa bai yi dariya ba sam, ruwa ya yi yawa, ya riga fuskokin shiga ido. Ko wanne daga cikin biyun nan, zanen zai koma kan benci.

Sai ga shekarar ambaliya. Rumfarmu a lokacin tana gangare, ba nisa da gada. Damina ta yi ƙarfi, kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya shigo gari. Gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, gonakin shinkafa suka koma tafki, mutane suka kwashe 'ya'yansu da awakinsu suka koma ajujuwan makaranta. Kowa ta kansa yake yi, ni ma iyalina na fara fitarwa. Da ruwa ya janye muka je rumfa, muka tarar da uwar a kife cikin laka. Katakon ya kumbura ya rabu fale-fale, fentin yana saɓulewa a hannu kamar fatar dafaffen dankali. Malam ya daɗe a tsugune a gabanta, sannan ya ce, "Allah ya sa haka shi ya fi alheri." Ba a jima ba ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Dama yanar ido ta fara rufe masa gani, a shekarar ta ƙarasa, sai haske da duhu kawai yake bambancewa.

Da ya ɗan sami sauƙi na je gaishe shi. Harshensa ya yi nauyi, amma ana gane maganarsa. Ya ce, "Lawan, uwa ta tafi, hannu ya tafi, ido ya tafi. Saura kai. Ka yi sabuwar uwa, ni zan gaya maka ruwan da baki. In ta ci Juma'a, zanen ya zama naka, ka ci gaba. In ba ta ci ba, ka yi mini alkawari ba za ka ƙara yin sa ba. Gara ya mutu tare da ni da a riƙa rataye shi ana yi wa gafala dariya kawai." Na yi masa alkawari, amma gabana ya faɗi, don na san Malam ba ya magana biyu, kuma kowa ya dube shi ya san ba shi da sauran lokaci mai yawa.

Na aro tsohon kwafi daga wani mai shayi a Dagumawa, hayaƙi ya dafa shi amma tsarin yana nan. Na sayi sabon katako na kafa rumfa a tudu, kusa da inda Iya Talatu ke suyar ƙosai. Iya Talatu tsohuwa ce mai baki, sa'ar Malam, tun suna yara suke tsokanar juna. Na yi jirgi, na yi mutane, na yi ƙafafu har da ɓarin goro. Da aka zo ruwa, sai a ɗauko Malam a zaunar da shi a kujera kusa da benci. Ya ce in ba shi murfin ya shinshina, ya taɓa man da yatsan hagu ya murza. "Ƙara mai." In ƙara. "Kada ka koma inda ka wuce, ja sau ɗaya ka bar shi." Haka muka yi ta hawa har na kewaya farin haske. Da na ja da baya na duba, wallahi sai na ga kamar in na karkata katakon ruwan zai zubo. Na ce a raina abin nema ya samu.

Ranar Juma'a na rataye shi, Malam yana gefe a kujera ya karkata kunne. Mutum na farko ya tsaya, ya duba, ya ce "Innalillahi," ya wuce. Wata mata ta tsaya, ta kama haɓa, ta ja ɗanta suka tafi. Har aka tashi kasuwa babu wanda ya ko murmusa. Malam ya ce, "Ka cika ruwa. Sauke."

Sauke ruwan da ya bushe ba wasa ba ne. Dole ka goge shi da tsumma da kananzir, kuma duk taka-tsantsan ɗinka sai ya tafi da ƙafafun. Sai ka sake yin yatsu da farce da kaushi, ka jira su bushe, sannan ka fara hawa daga farko. Na yi haka, na rage launi. Juma'ar da zanen ya shirya na rataye, babu dariya. Na sake saukewa, na sake ragewa, har ruwan ya zama ni da na yi shi ma sai na matso nake ganinsa. Duk da haka mutanen Wudil suka riƙa tsayawa suna girgiza kai suna wucewa. A wannan tsakanin jikin Malam kullum ƙara baya yake yi, abinci ma sai kunu. Ranar da muka tashi daga wata Juma'ar babu ko ƙyas, ya kira ni da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Lawan, bar shi haka. Ba laifinka ba ne, kowa da rabonsa. Koma wa allon shagunanka." Na ji maganar nan har cikin ƙashina.

Iya Talatu tana kwashe ƙosan ƙarshe, ashe tana jin mu. Ta ajiye matsami ta ce, "Malam Habu, a da ido kawai na san ka rasa, ashe har da hankali. Kai kuma Lawan, gemu har ƙirji amma ba ka ga abin da ke gabanka ba?"

Malam ya ce, "Talatu, wannan ba suyar ƙosai ba ce."

Ta ce, "Na ji. Amma gaya mini, wa zai yi wa jirgi dariya a garin nan bana? Ni nan tun da ruwa ya ci ɗakina, in na shiga ko'ina ƙasa nake fara dubawa. Ko masallaci na shiga sai na kalli dabe kafin in kalli gabas. Kowa a Wudil haka yake yanzu. Ku kuna jiran su fara da fuska, su kuwa da ƙafa suke farawa. Wanda maciji ya sara, ai in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Ko ɗigo ɗaya ka bari a jirgin nan, shi za su fara gani."

Ni da nake taƙama da ido, na yi makonni ina kallon mutane suna tsayawa a gaban zanen, ban taɓa lura da inda idonsu ke fara sauka ba. Malam ya ce, "Ko da gaskiyarki, alkawari alkawari ne. Sai kunnena ya ji." Na ce, "Malam, ka ba ni dama ɗaya. Zan mayar da ruwan yadda ka gaya mini da farko, in kai shi cikin Kara, inda baƙi ke sauke shanu." Ya ce, "In na kai."

Na sauke ruwan, na sake ƙafafun, na fara hawa. Wannan karon babu Malam a gefena, yana kwance a gida. Ni kaɗai nake shinshina murfin, ni nake murza man a yatsa. Kullum da safe sai na biya na gaishe shi kafin in zo rumfa, kuma kullum ina tafe ina addu'ar kada in tarar da mutane a ƙofar gidan. Fentin mai ba ya jin roƙo, sai ya ga dama yake bushewa. Sau da yawa hannuna ya yi ƙaiƙayin in ƙara hawa a kan ɗanye don in yi sauri, sai in tuna in na yi haka ruwan zai dagule ya zama laka. Na daure na bi shi a sannu har ya kammala.

Ranar Juma'ar na ɗauki shatar a-daidaita-sahu. Muka naɗe Malam da bargo, babban ɗansa ya riƙe shi a baya, ni kuma na rungume zanen a gefe. Iya Talatu ta bar wa jikarta kasko ta ce ba za a yi babu ita ba. Muka shiga Kara ta gefen da manyan motoci ke tsayawa, ga kukan shanu, ga dillalai suna ta ciniki a cikin hannun riga. Na jingine zanen a jikin wani turke, muka shimfiɗa wa Malam tabarma a gindin bishiya, muka koma muka zauna kamar masu jiran mota. 'Yan gari da suka gifta suka duba, suka kau da kai kamar yadda suka saba. Rana ta fara zafi, numfashin Malam yana fita da ƙyar, ɗansa yana ta kallona.

Can sai ga wani dogon dattijo da rawani, sanda a kafaɗa, ƙafafunsa fari fat da ƙurar tafiya. Daga baya na ji cewa daga can arewa ya zo, wajen iyaka, inda ko rijiya sai an haɗa igiya da igiya kafin a taɓo ruwa. Ya zo zai wuce, sai ya ja birki. Ya matso. Ya dubi mai akushi, sai dariya ta ƙwace masa, irin ta cikin ciki. Ya yafito wani abokin tafiyarsa ya ce, "Zo ka ga dillalin da ya sayi bijimina, wallahi har kumatun." Ya nuna masu faɗa a kan kaza, ya buga sanda a ƙasa. Da ya kai kan matuƙi mai fifita da filafili, sai da ya dafa turken don dariya. Na saci kallon Malam, na ga ya ɗago kai daga jikin ɗansa, bakinsa a ɗan buɗe.

Daga nan dariyar ta fara raguwa. Na ga rawanin dattijon yana sunkuyawa a hankali. Sai ta ɗauke ɗif. Duk hayaniyar Kara tana nan, amma ni a wurin nan babu abin da nake ji sai shirun mutumin nan. Ya tsuguna, ya miƙa yatsa ya taɓa ƙasan jirgin, ya duba yatsan ko ya jiƙe. Ya daɗe a haka. Sannan ya waiwayo, ya rasa wa zai tambaya, sai idonsa ya faɗa kaina. Ya ce, "Bawan Allah, su waɗannan, babu wanda zai gaya musu ne?"

Iya Talatu ta ja gefen mayafi ta rufe fuska.

Malam ya motsa hannunsa mai lafiya, na matsa kusa na kai kunne. Na ɗauka wata doguwar magana zai yi. Ya ce, "Lawan, rana ta yi yawa a wurin nan. Tashi ka kai uwar inuwa."

Na tashi na ɗauke ta da hannu biyu, na kai ta gindin bishiya kusa da shi.